Yadda Ake Tallafa wa Mai Murmurewa Daga Larurar Ƙwaƙwalwa a Ƙauye, Ga Wanda Shi Ma Ya Taɓa Shan Ta

Wannan bayani na wanda ya taɓa fama da larurar ƙwaƙwalwa ne, ko ciwon damuwa mai tsanani, ko taɓin hankali, ko jarabar shaye-shaye, Allah Ya ba shi sauƙi, yanzu kuma yana son ya riƙe hannun wani da ke cikin halin da ya baro. Na daɗe ina wannan aiki a ƙauyukan Kano da Jigawa, kuma dalilin buƙatarsa a fili yake. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, kuma ana samunsu ne a wurare irin su asibitin Dawanau, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Kazaure. Majinyaci yakan ga likita sau ɗaya a wata, na 'yan mintoci, sannan ya koma ƙauye ya yi sauran kwanakin watan tsakanin iyalin da ba su fahimci ciwon ba da maƙwabtan da ke nuna shi da baki. Waɗannan kwanaki su ne wurin aikinka. Kai ba likita ba ne, ba kuma malamin ruƙiya ba, kuma duk ranar da ka fara kwaikwayon ɗayansu, ka bar naka aikin ba mai yi.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko shi ne lafiyarka kai kanka. A ganina, kada mutum ya fara sai ya yi kamar shekara guda cikin natsuwa, yana barci daidai, yana shan maganinsa idan har yanzu yana kansa, kuma likitansa ya san abin da yake shirin yi. Na biyu shi ne ma'aikacin lafiya da zai riƙa duba aikinka, wanda za ka kira idan abu ya fi ƙarfinka. Mafi kusa shi ne malamin asibitin sha-ka-tafi na yankinku, kuma ya fi kyau idan ya samu horon nan na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira mhGAP, wanda aka ƙaddamar a 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su iya gane waɗannan larurori su kuma yi musu magani. Idan naku bai samu ba, nemi ma'aikacin jinya a asibitin da kake karɓar magani ya yarda ku riƙa waya lokaci-lokaci. Kada ka fara aiki ba ka da irin wannan mutum a bayanka.

Sai littafi ƙarami da biro. Kada ka rubuta sunan kowa a ciki, domin littafi yakan faɗi a kasuwa ko yara su ɗauka. Ka ba kowane mutum wata lamba ko alama da kai kaɗai ka sani. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ya wadatar. Sai waya mai caji, da lambobi huɗu a cikinta kuma a rubuce a takarda: ta malamin asibiti, ta mai mota ko ɗan acaɓa da zai amsa kira ko da tsakar dare ne, ta mai unguwa, da ta wani babba a gidan majinyacin. Ka ajiye ɗan kuɗin mota da ba ka taɓawa sai ranar gaggawa. Tabarma kuwa kowane gida akwai.

1. Neman izinin shiga

Fara da malamin asibiti, domin shi ya san waɗanda aka sallamo daga Dawanau ko Kazaure da waɗanda suka daina zuwa karɓar magani, kuma shi ya kamata ya fara tambayar mutum ko yana son a haɗa ku. Daga nan ka je gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci, ka ce, “Ranka ya daɗe, ina taimaka wa malaman asibiti wajen ziyartar marasa lafiya,” ba tare da ambaton sunan kowa ba. Sannan maigidan da majinyacin ke ƙarƙashinsa. Amma izinin da ya fi kowanne nauyi shi ne na majinyacin da kansa. Sababbi sukan yi kuskure a nan: uba ya ce “bismillah, shigo,” sai su ɗauka magana ta ƙare, alhali ɗan yana ganinsu a matsayin 'yan leƙen asirin da aka turo masa. Idan ya ce ba ya so, ka yi masa addu'ar samun sauƙi ka tafi, ka bar ƙofa a buɗe.

Namiji ya tallafi namiji, mace ta tallafi mace. Wannan ya dace da addini da al'ada, kuma yana toshe bakin masu tsegumi. Idan majinyaciya mace ce kuma babu mace mai wannan aiki a kusa, a nemi ungozoma ko wata dattijuwa mai riƙon amana, malamin asibiti ya koya mata abin da ya sawwaƙa, maimakon namiji ya ce zai riƙa shiga gidan da aka rubuta “ba shiga” a ƙofarsa.

2. Zaman farko

Zaɓi wurin da ba za a ji maganarku ba amma ana iya hango ku, kamar zaure a lokacin da ba kowa, ko gindin bishiya a bakin gona. Zauna a tabarma ɗaya da shi, a gefensa, kada ka hau kujera shi yana ƙasa. Yi gaisuwa cikakkiya, ka tambayi gida da gona da dabbobi, ka kira shi da sunan da ya dace da shekarunsa, Baba ko Yaya ko Malam. Mutanen da suka daɗe da wannan larura sun saba a yi magana a kansu suna zaune kamar ba sa nan, don haka gaisuwar mutunci kaɗai takan buɗe abin da tambayoyi goma ba za su buɗe ba.

Labarinka shi ne babban abin da ka zo da shi, amma a taƙaice ake ba da shi. Jimla uku ko huɗu sun isa: “Yaya, ni ma na taɓa kwanciya a asibiti saboda irin wannan ciwo. Na san yadda dare yake tsawo idan barci ya ƙi zuwa. Yanzu ina shan magani, ina nomana.” Daga nan ka yi shiru. Wataƙila ya ɗauki tsinke ya yi ta zane a ƙasa na tsawon lokaci bai ce komai ba, kuma zuciyarka za ta matsa maka ka cike shirun da nasiha. Daure. Sau da yawa bayan wannan zanen ne mutum yake ɗaga kai ya ce, “Kai ma kana jin muryoyin?” Ka amsa da gaskiya, idan ka ji ka ce ka ji, idan ba ka ji ba ka ce naka ya zo ta wata hanya. Kada ka ce ka san ainihin abin da yake ji, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kalmomin da ya riga ya ji har ya gaji: “ka cire damuwa a ranka,” “rashin tawakkali ne,” “dubi wane da ya fi ka shiga uku.” Kada su fito daga bakinka. Haka kuma idan ya gaya maka abin da ka san ciwo ne ke nuna masa, misali cewa maƙwabta sun haɗa baki za su kashe shi, kada ka yi masa musu, kada kuma ka gaskata shi. Ka ce kai ba ka ga haka ba, amma ka ga tsoron da yake ciki, ka tambaye shi me ke rage masa tsoron.

Kafin ku rabu, faɗa masa ƙa'idar sirri a fili: abin da ya gaya maka ba zai je kunnen kowa ba, ko mahaifinsa, sai dai idan ransa ko ran wani na cikin haɗari, a nan za ka nemi taimako, kuma za ka sanar da shi kafin ka yi. Ku sa ranar haɗuwa ta gaba, ka ɗaura ta da abin da ba a mantawa, kamar bayan La'asar ranar kasuwar garinku. Zama ɗaya a mako, na kamar rabin awa zuwa awa guda, ya isa. Kuma ka zo. Idan uzuri ya taso ka aika tun da wuri, domin mutumin da abokai suka watse suka bar shi yana ƙirga saɓa alkawari fiye da yadda kake zato.

3. Gano abin da yake so da alamun dawowar ciwo

A zama na biyu ko na uku, tambaye shi abin da yake son ya koma yi. Iyali sukan ce “ya warke kawai,” shi kuwa zai ce yana son ya koma sallar jam'i, ko ya karɓi gonarsa daga hannun ƙaninsa, ko matarsa ta dawo daga gidansu. Rubuta nasa, ku ɗauki mafi sauƙi ku fara da shi.

Sannan ku zauna ku tuno yadda ciwon ya fara a karon baya, mako ɗaya ko biyu kafin kowa ya gane. A wurin mutane da yawa barci ne ke fara gudu. Wani sai ya daina wanka, wani ya rufe kansa a ɗaki, wani kuma ya kama yawan surutu da rabon kuɗi da shirya manyan abubuwa. Ku rubuta alamunsa guda uku, da wanda ya yarda a kira idan sun bayyana, da asibitin da yake so a kai shi. Wannan yarjejeniya ana yin ta ne yana cikin hankalinsa, domin ranar da ciwo ya motsa za ka iya ce masa, “Kai ka ce idan ka kwana uku ba barci mu je wurin malam.”

4. Magani da zuwa asibiti

A nan ne yawancin koma-baya ke faruwa, saboda haka zan daɗe a kai. Ba ka rubuta magani, ba ka ƙara, ba ka ragewa, ba ka kuma ba wani naka ko da sunansu ɗaya. Aikinka shi ne ka san dalilan da ke sa mutane su daina sha, ka tare su tun kafin su kai ga haka.

Dalili na farko shi ne samun sauƙi. Mutum ya ji garau, iyali su ce ya warke, a ajiye magani, bayan 'yan makonni ko watanni ciwo ya dawo, wani lokaci fiye da da. Likita ne kaɗai ke yanke lokacin dainawa, kuma a hankali ake janyewa. Na biyu shi ne gaggawa: magungunan ciwon damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga amfaninsu, don haka ka gaya masa tun ranar farko kada ya yanke ƙauna a kwana biyar. Na uku shi ne wahalar maganin kansa. Haloperidol da chlorpromazine, waɗanda aka fi samu a asibitocinmu saboda araha, sukan kawo sandarewar jiki, da rawar hannu, da dalalar miyau, da nauyin barci, kuma chlorpromazine yakan sa fata ta kasa jure rana, abin da manomi ya kamata ya sani. Wasu kuma suna taɓa ƙarfin namiji, kuma kunya ba za ta bari ya gaya wa likita ba, sai ya daina sha a ɓoye. Kai da ka sha irinsu za ka iya buɗe maganar cikin sauƙi, sannan ka ƙarfafa shi ya faɗa a asibiti, domin akwai sauyin da likita zai iya yi. Idan wuya ya murɗe, ko idanu suka kafe sama, ko harshe ya fito ya ƙi komawa, ba aljanu ba ne, maganin ne, kuma allura ko ƙwaya a asibiti tana warware shi, sai a tafi nan take. A lura da ƙwayar da ake bayarwa domin sandarewar jiki, wadda matasa suka sani da Exol: ana shanta don maye, saboda haka a ajiye ta a hannun babba.

Na huɗu shi ne kuɗi da nisa. Idan zuwa Kano ko Kazaure kowane wata ya gagara, ku tambayi likita ko zai rubuta magani na tsawon lokaci, ko ya mayar da karɓar magani asibiti mafi kusa, ko ya duba yiwuwar allurar da ake yi bayan mako biyu zuwa huɗu maimakon ƙwaya kullum. Ku shawarci iyali su ware kuɗin magani tun da kaka, lokacin da hatsi ke hannu, domin tsakiyar damina ne aljihu ke bushewa. Kada a sayi magani a hannun masu talla a kasuwa.

Ga wanda ke mantawa, a ɗaura shan magani da sallah, bayan Asuba ko bayan Isha, gwargwadon yadda likita ya tsara. Kafin watan azumi ya kama, a tambayi likita yadda za a gyara lokutan sha, kada mutum ya gyara da kansa. Mace kuma da ke shan sodium valproate ko carbamazepine, idan tana shirin ɗaukar ciki ko ta ga alamarsa, ta hanzarta sanar da likita, domin suna iya cutar da ɗan tayi, amma kada ta yanke sha da kanta.

Ranar asibiti, ka raka shi idan ya so. Ku rubuta tambayoyinsa tun a gida. A gaban likita ka bar shi ya yi magana da bakinsa, kai tunatarwa ce taka.

5. Iyali, malamai da batun mari

Kusan duk gidan da za ka shiga sun riga sun je wurin malami ko mai maganin gargajiya, kuma sun yi imani iska ce ko sammu. Jayayya a kan wannan ɓata lokaci ce, kuma takan sa a rufe maka ƙofa. Abin da nake ce wa iyaye shi ne, “Baba, a ci gaba da addu'a, a kuma ci gaba da magani, Allah ne Ya saukar da cuta Ya saukar da maganinta.” Idan ka samu limamin gari ya faɗi haka da bakinsa, ya fi naka tasiri sau da yawa. Inda ba ka sassautawa shi ne duka, da hana abinci, da turaren da ke shaƙe mutum, da cewa a zubar da maganin asibiti.

Haka nan ɗaurewa da mari ko sarƙa. A 2019 jami'an tsaro sun kai samame gidajen mari a Kaduna da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da raunuka a ƙafafu, kuma a Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare masu wannan larura daga azabtarwa da wulaƙanci. Amma idan ka tarar da mutum a ɗaure a ɗakin baya, kada ka shiga da faɗa ko barazanar hukuma, kada kuma ka kwance shi kai kaɗai. Yawanci tsoro da gajiya ne suka kai iyali ga haka, wataƙila ya taɓa ɓata ko ya ji wa wani ciwo. Kira malamin asibiti, a fara magani, a tsara waɗanda za su riƙa zama da shi bi da bi, sannan a kwance. Idan iyali suka ƙi, sai a shigo da dagaci.

6. Ranar haɗari

Idan mutum ya fara cewa ya gaji da duniya, ko ya fi kyau a huta da shi, ko ya kama rabar da kayansa da neman gafarar mutane ba dalili, tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya: “Kana tunanin kashe kanka?” Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Kada ka amsa masa da wa'azin wuta, ya riga ya sani, kuma shi ya sa ya ɓoye. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da babban da kuka amince da shi, a kai shi asibiti a ranar. A kwashe fiya-fiya, da maganin feshi, da maganin ɓera, da igiyoyi, a kulle a wani gida, a kuma karɓe maganinsa a riƙa ba shi na rana ɗaya-ɗaya, musamman amitriptyline, wanda yawansa ke kisa. Idan ya riga ya sha guba, kada a tsaya ba shi manja ko madara ko a sa shi amai, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti.

Idan kuwa ya fusata yana barazana, ka ba shi fili, ka tsaya kusa da ƙofa, ka kori 'yan kallo, mutum ɗaya kawai ya riƙa magana da shi. Ruɗewa da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya tana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko mummunan tasirin magani, duka kuwa na gaggawa ne. Mai jego da ta daina barci, ta kama sambatu ko ta ƙi jaririnta a makonnin farko bayan haihuwa, ita ma a kai ta asibiti a ranar, kada a jira a gama wanka, kuma kada a bar ta da jaririn ba kowa.

7. Komawa cikin mutane

Magani yana kwantar da ciwo, amma mutum ba ya jin ya dawo sai ya ga ana sallama da shi a majalisa ana kuma ba shi aiki. Ku fara da kaɗan: ku tafi masallaci tare, ya yi awa ɗaya a gona da sanyin safiya, a ba shi akuya ko tunkiya ya kiwata, mace ta koma ɗinkin hula ko ƙuli-ƙuli. Wanda ya baro shaye-shaye, ko kodin ne, wanda gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ko tramadol ko sholisho, babban haɗarinsa tsohuwar majalisarsa ce, don haka sai an sama masa wurin zama na daban a daidai lokacin da ya saba zuwa can. Idan ya zame ya sha, ka zo ranar da kuka saba kamar kullum, ku duba abin da ya ja shi. Mai niyyar tafiya ci-rani kuma ya ga likita tukuna, ya tafi da isasshen magani da katinsa.

Idan waɗanda kake tallafawa sun kai biyar ko shida kuma sun yarda su san juna, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata a harabar asibiti, har ku kafa ɗan adashi na kuɗin mota da magani. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma bincike ya nuna amfanin hakan, saboda haka kada ka raina zaman tabarma.

8. Iyakarka da lafiyarka

Kada ka ɗauki fiye da mutum uku a farko. Kada ka ba da rance, kada ka karɓa, domin bashi yana mayar da ziyara ta zama bin bashi, kuma kada maganar aure ko kasuwanci ta shiga tsakaninka da gidan da kake ziyarta. Sanar da su lokutan da ake kiranka, ban da gaggawa. Yawancin wannan aiki a ƙauye na sa-kai ne, saboda haka kada ka saki sana'arka.

Bayan kowace ziyara rubuta layi uku: yadda barcinsa yake, ko yana shan magani, da abin da kuka shirya yi kafin mako mai zuwa. Sau ɗaya a wata ka zauna da ma'aikacin lafiyar da ke duba ka ku bi littafin, ka kuma gaya masa yadda kai kake. Alamun da ka rubuta wa wasu, kai ma kana da naka, kuma ka ba wani na kusa da kai izinin ya faɗa maka idan ya gan su. Ranar da barcinka ya fara gudu, ka miƙa mutanenka ga malamin asibiti ko wani abokin aiki, ka gaya musu gaskiya cewa za ka huta, ka je ka ga likitanka. Shi kuma wanda ya samu watanni yana cikin natsuwa, ya koma sana'arsa, sai ku rage haɗuwa daga mako-mako zuwa wata-wata da shawararsa, ka bar masa lambarka da takardar alamunsa a hannunsa.